Dabinon Malam da haƙƙin mutanen gida

Wani dattijo ya rubuto mana daga Tawa, a Jamhuriyar Nijar. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma shekara tara ke nan da ya mai da tsakar gidansa wurin tara dabino da danginsa. Ga taƙaicen wasiƙarsa:

"Ina da tushe 23 a gida. Goma sha ɗaya dabino ne da na shuka daga ƙwallo, wasu na ajwa da na zo da su daga aikin hajji, wasu na Bilma da Ingal. Akwai goriba uku, da giginya biyu a jikin katanga, sauran kuma na ado ne da na sayo a Yamai. Kwakwa sau uku ina dasawa tana mutuwa. Har yau ban ci dabino ko ɗaya daga gidana ba, ko da yake guda huɗu suna fure. Uwargida ta ce kuɗin ruwa ya cinye fansho, babu wurin shanya, babu wurin shimfiɗa wa baƙi tabarma, ga shi watan jiya ƙaya ta soki jikanyata a ƙafa. Tun daga ranar ba ta sake mini fuska ba, babban ɗana kuma ya ce in ba shi izini ya kawo mai gatari. Ni kuwa in ban da waɗannan itatuwa, babu abin da ke tashe ni da safe cikin farin ciki. In sare ne, ko in dage?"

Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kafin mu taɓa maganar itace, bari in fara da ƙafar yarinyar nan. Ƙayar dabino asalinta ganye ne na gindin reshe da ya rikiɗe ya yi tsini, tana iya kai tsawon yatsa ko fiye, kuma halinta shi ne bakinta ya karye ya zauna cikin nama, a ga rami ya rufe a zaci an warke, sai bayan makonni wurin ya kumbura, musamman idan kusa da gaɓa ne. Idan har yanzu tana ɗingishi, ko wurin yana da zafi ko kumburi, a kai ta likita, a faɗa masa ƙayar dabino ce, a kuma tambaya ko tana buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki da ake kira tetanus. Kai da kanka ya kamata ka ɗauke ta ka kai, kada ka aiki kowa. Uwargida tana kallo, kuma ina kyautata zaton abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ganin jini ya zuba a gidan amma washegari aka ci gaba da ban ruwa kamar ba a yi komai ba.

Amsata ga tambayarka ita ce kada ka ba mai gatari izini, kuma kada ka dage a kan tushe 23. Son da kake yi wa waɗannan itatuwa abu ne mai kyau, ban ga aibinsa ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi shekaru yana rainon ƴaƴan mutane a aji, ranar da aka ce ya koma gida ya huta, dole hannunsa ya nemi abin raino, kuma gara wanda ya nemi dabino da wanda ya nemi bakin titi. Sai dai ka tara itatuwan gona a cikin gida, gidan kuwa ba kai kaɗai ke cikinsa ba. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Baƙo ya shigo ya yaba, ya ce Malam ya mai da gida aljannar duniya, ya tafi. Wadda ke sharar wurin, da kaffa-kaffa da yara, da jiran famfo ya kawo ruwa tsakar dare a watan Afrilu, ita ce a gindin giginyar.

Ka dubi lissafin fili tukuna. A lambun dabino na gaske ana barin tazarar mita 8 zuwa 10 tsakanin bishiya da bishiya, domin reshe ɗaya yana kai mita 4 ko 5, kuma kafin gangar jiki ta ɗaga sama, shekaru ake yi rassan suna baje a daidai fuskar mutum da idon yaro. Naka yanzu suna cikin wannan shekarun ne, shi ya sa gidan ya cushe. Ko da filinka babba ne, abin da tsakar gida za ta ɗauka a ƙasa ba tare da an takura wa kowa ba bai wuce dabino uku ko huɗu ba. Ruwa kuma haka yake. Dabino yana jure fari, ba ya mutuwa da wuri, amma jurewa daban, haihuwa daban: babbar bishiya mai ƴaƴa tana iya shan fiye da lita 100 a rana a tsakiyar bazara, wato jarka huɗu ta lita 25. Ka ninka wannan sau goma sha ɗaya a garin da ruwan samansa a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma ruwan ƙasa yana da nisa a wurare da yawa na Adar, za ka ga uwargida gaskiya ta faɗa. Dabinon Timiya da Iferwan da Bilma da kake sha'awa, ƙafarsa a cikin ruwa take, domin a zangunan nan ruwa yana kusa da saiwa. Naka kuwa daga aljihunka yake sha.

Yanzu ga abin da na san zai yi maka ɗaci, amma gara ka ji shi. Dabino jinsi biyu ne, namiji daban, mace daban, kuma idan aka shuka ƙwallo kusan rabi maza suke fitowa, namiji kuwa ba zai taɓa ba ka dabino ba ko zai shekara ɗari. Cikin sha ɗayan nan naka, mai yiwuwa biyar ko shida maza ne. Matan ma ba za su gado uwarsu ba. Ƙwallon ajwa da ka ɗauko daga Madina, uwarsa ajwa ce amma ba wanda ya san ubansa, saboda haka abin da zai haifa sabon iri ne, yana iya yin daɗi, ya fi yawa ya zama mai ƙaramin nama da babban ƙwallo. Wannan bai rage darajar tunawa da ke cikinsa ba, kuma na fahimci dalilin da ya sa mutum zai so ganin abin da ya taɓa ƙasar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tsiro a ƙofar ɗakinsa. Amma masu lambu da ke neman ainihin irin uwa ba sa shuka ƙwallo. Ɗan da ke tohowa a gindin uwar suke cirewa bayan ya yi shekara uku zuwa biyar ya yi saiwarsa, nauyinsa ya kai kilo 10 ko fiye, su dasa, shi ne ke fitowa tamkar uwar a jinsi da ɗanɗano, kuma yakan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa biyar. Kai da kake kan hanyar Agadas, samun ɗan dabino mai asali daga Ingal, inda ake da irin nan mai laushi da ake kira Almadina, bai fi ƙarfinka ba. Abin da zan gargaɗe ka da shi kawai shi ne kada ka karɓi dashen da aka tsallako da shi daga arewacin hamada ba tare da malaman gona sun duba ba, domin akwai cutar ƙasa da ake kira bayud wadda ta kashe miliyoyin dabino a Maroko ta kuma shiga Aljeriya, da dashe da ƙasar da ke manne da shi take yaɗuwa, kuma in ta shiga fili ba ta fita.

Guda huɗun da ka ce suna fure su ne mabuɗin al'amarin. Idan sanyi ya shiga sosai, wajen Janairu zuwa Fabrairu, ka sa ido a kan kwanson da ke fitowa tsakanin rassa. Idan ya tsage ka ga fure cunkus, fari mai ɗan ruwan madara, mai ƙanshi, in ka kaɗa shi gari ya tashi ya zauna a tafin hannunka kamar garin gero mai laushi, wannan namiji ne. Idan kuwa ka ga tsirkiyoyi masu ƴan ƙwayoyi zagayayyu jere a jikinsu kamar tsakiya, ba su da gari, wannan mace ce. Ka ɗaura wa kowace bishiya ƙyalle mai launi don kada ka manta. Sannan ka yanki furen namiji, ka ciri tsirkiya biyu ko uku, ka cusa su kai a ƙasa a tsakiyar furen mace cikin kwana biyu ko uku da buɗewarsa, da hantsi bayan raɓa ta bushe, ka ɗaure da zaren kaba sako-sako. In furen namiji ya riga na mace fitowa, a shanya shi a inuwa, a ajiye a takarda inda babu laima, zai jira ta. Wannan barbara ta hannu tsohuwar sana'a ce, ita mutanen Madina ke yi tun zamanin Manzon Allah, kuma a kanta ne ya ce musu sun fi sanin al'amuran duniyarsu. Macen da ba a yi mata ba, ko dai ƴaƴan su kakkaɓe, ko su fito uku-uku a wuri ɗaya, ƙanana, babu ƙwallo, su ƙi nuna yadda ya kamata. In ka taɓa ganin haka a gidanka, to kana da mace, aure kawai ta rasa. Namiji ɗaya yana isar mata da dama, a lambuna har hamsin, saboda haka babu dalilin da zai sa ka riƙa shayar da maza biyar.

Akwai wata wahala ta ƙasarmu da ya kamata ka shirya mata tun yanzu. Daga fure zuwa nuna wata biyar ne zuwa shida, ke nan dabinonka zai zo nuna daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa, ruwa kuwa yana fasa dabino mai nuna ya sa shi tsami. Sai ka rufe nonon da buhu mai shan iska ta sama, ka bar ƙasan a buɗe, ko ka sauke shi da zarar ya yi ja ko rawaya ya fara laushi a baki, ya ƙarasa a inuwa.

Giginyun nan biyu su ne suka fi damuna. Saiwar dabino da danginsa siririya ce, ba ta kauri da shekaru kamar ta dogon yaro da ke ɗaga daɓe, don haka ba saiwa ce za ta kayar da katanga ba. Yawan ban ruwa a gindin ginin laka shi ne ke cin ta. Amma giginya bishiyar dawa ce da fadama. Tana kai mita 20 ko fiye, kuma in mace ce, ɗanta ɗaya yana wuce kilo guda, ya faɗo daga can sama ba sallama. Kai mai yiwuwa ba za ka ga wannan ranar ba, domin giginya ba ta gaggawa, amma jikokinka da maƙwabcin da ke bayan katangar za su gani. Wanda ya je Gaya ta jihar Doso ya ga dajin giginya na Dallol Mauri ya san irin sararin da take so. Na taɓa tsayawa a can ina kallon wani manomi yana tonon muruci, hannunsa ya nutse a rami har kusan kafaɗa kafin ya kai ga ƙarshensa, sai na gane dalilin da ya sa giginya da goriba ba sa son tukunya kuma ba sa son ƙaura: ƙwallon yana fara tura tsironsa can ƙasa ne kafin ganye ɗaya ya leƙo. Saboda haka kada ka sa rai za su rayu idan aka tone. Ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ka yi musu bayani, domin giginya da goriba suna cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar, su ne za su gaya maka yadda za a cire su bisa ƙa'ida. Goriba ɗaya ka bar ta a kusurwar da ba hanya ba. Ita ƴar ƙasa ce, da zarar ta kama ba ta neman ruwanka, ita ce kuma cikin dangin nan take raba kai biyu, biyun su sake rabuwa, abin da duk mai tara irin waɗannan itatuwa a wata ƙasa yake marmarin ya mallaka. Mu da muke shimfiɗa tabarmar kaba kullum mun saba da ita har mun daina ganin kyanta.

Kwakwa kuwa ka haƙura da ita. Bishiyar bakin teku ce mai son iska mai laima, hunturun Tawa da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu su ne ke kashe ta, ba sakacinka ba.

Na ado da ka sayo a Yamai ban san sunayensu duka ba daga wasiƙarka, amma abin da masu renon dashe na bakin kogi suka fi sayarwa sananne ne. In akwai mai ganye kamar mafici da zare-zare a bakinsa, washintoniya ce, asalinta kudu maso yammacin Amurka da Meziko. Tana jure zafinmu, tana saurin tsawo, kuma gindin reshenta yana da ƙayoyi masu lanƙwasa, don haka wurinta ƙofar gida ta waje. In akwai mai tsiro da yawa daga gindi ɗaya, mai kara rawaya-rawaya kamar gora, wannan daga Madagaska take, ba ta da ƙaya, tana son inuwa, tana kuma zama a tukunya shekara da shekaru. A nan ne sha'awar tarawa za ta samu mafita. Mai tara iri-iri ba dole ne ya tara manya ba. Zai iya jera tukwane goma a inuwar zaure, kowace da irinta, ruwansu duka bai kai na babban dabino ɗaya ba, kuma ranar biki ko suna a ɗauke su a matsar.

Sauran dabinon, wato mazan da suka yi yawa da waɗanda suka tsaya a hanya, su ne za a yi wa ƙaura, kuma dabino yana karɓar ƙaura fiye da yawancin itatuwa saboda sabuwar saiwa daga gindi take fitowa. A jira damina ta zauna, wajen Yuli. A tona da faɗi a ɗago shi da ƙasarsa, a rage rabin rassan, a ɗaure sauran sama su kare zuciyar, domin dabino wurin tsiro ɗaya tak gare shi a ƙoƙon kai, in ya lalace bishiyar ta tafi. A dasa shi daidai zurfin da yake a da, kada ƙasa ko ruwa su shiga zuciyar. Makarantar da ka koyar, da masallacin unguwa, da gonar wani ɗan'uwa mai rijiya a fadama, duk wurare ne da za su yi murna da su, in dai an dasa nesa da inda yara ke guje-guje kuma an sami wanda ya ɗauki alkawarin ban ruwa. Ranar 3 ga Agusta, da ƙasa ke bikin dashen itace, rana ce mai kyau ta miƙa su. Ta haka ba ka rasa su ba, kana iya zuwa ka gaishe su, kuma ɗanka da ya yi niyyar kawo gatari sai ka ce ya kawo shebur da amalanke.

Waɗanda suka rage a gida, ka sa wuƙa mai kaifi ka aske ƙayoyin gindin kowane reshe da hannun yaro zai kai, ka kwashe su nan take ka ƙone, kada a bar su cikin shara inda ƙafa za ta taka. Kada ka yanke ɗanyen reshe don neman fili, busasshe kaɗai ake cirewa. Ka yi wa kowanne kwari mai faɗi a gindi, ka zuba ruɓaɓɓen takin awaki, ka rufe da kara ko busasshen ganye ba tare da ya taɓa gangar ba saboda gara. Ban ruwa mai yawa sau biyu a mako da yamma ya fi yayyafin kullum amfani. Ga ƙananan dashe, ka binne tulu marar shafe har wuya kusa da saiwa, ka cika shi ka rufe bakinsa, zai riƙa tsatsa a hankali ba tare da rana ta sha rabonta ba. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da gero da na ɗaurayar kwanuka duk suna yi, dabino yana jure ɗan gishiri fiye da mangwaro da lemo. Ruwan wanki mai yawan omo ko mai sinadarin farar da tufafi ne kawai za a kauce wa. In ka ga fararen ɗigo-ɗigo manne a ganye kamar an yayyafa toka, ƙwari ne masu tsotsar ruwan ganyen, a yanke reshen da ya fi kamuwa a ƙone, a wanke sauran da ruwan sabulun gargajiya.

Duk wannan dabara ba za ta yi aiki ba sai ka fara zama da uwargida, ku biyu, ba a gaban ƴaƴa ba. Kada ka je mata da hujjar falalar dashen itace, ta san ta, kuma in ka fara da wa'azi za ta ji kamar ka mai da ita mai hana alheri. Ka fara da cewa ka yi kuskure da ka cika gidan ba ka shawarce ta ba, ka ba ta haƙuri a kan yarinyar. Sannan ku fita tsakar gida tare, ka ce ta nuna maka da hannunta inda take son igiyar shanya, da inda za a shimfiɗa wa baƙi, da hanyar da yara ke bi zuwa madafa da bayan gida. Duk bishiyar da ta faɗa cikin wannan iyaka ta tashi, ko da ita ce ka fi so. Ku yanka wani abu sananne daga fansho wanda shi ne kuɗin ruwan itatuwa a wata, in ya ƙare ya ƙare, kuma ranar da famfo ya ɗauke, randar gida ce farko, dabino ya jira, ba zai mutu a kwana uku ba. Bayan haka ne za ka gaya mata abin da ka gaya mini a ƙarshen wasiƙarka, cewa tun da ka bar aji waɗannan ne ke tashe ka da safe. Ina zaton ba ka taɓa faɗa mata wannan da bakinka ba, kuma matar da ta zauna da kai shekaru masu yawa ta fi ni cancantar ta ji shi.

Cikin matan da za ka gano a sanyin bana, ka bar ta ta zaɓi ɗaya ta zama tata, nonon farko da ya nuna kuma a sauke a gabanta, ita za ta raba wa jikoki da maƙwabta yadda ta ga dama. Ka rubuto mana bayan Fabrairu mu ji nawa ne suka fito mata cikin huɗun, da kuma yadda ƙafar yarinyar ta ƙare. Allah ya ba ta lafiya, ya sa albarka a gidan.